A Rubuta Sunana a Ƙarƙashin Hoton Buhu

Yerwa (Maiduguri), ranar Laraba bayan azahar.

Zuwa gare ki Zulaiha, inuwar dalbejiya a tsakiyar zafin Afrilu, ruwan sabuwar randa a maƙogwaron wanda ya wuni a kasuwa, ƙamshin humrar da ke tsayar da mai tafiya har ya manta inda za shi! Ya ke farar shinkafa sabuwar fita daga inji, wadda ba tsakuwa a cikinta ba ɓuntu! Ya ke sanyin kogin Ngadda ranar da ya cika ya batse, ya ke tantabarar da ta sauka a kan katangar zuciyata ta ƙi tashi ko an kaɗa mata hannu! Assalamu alaikum, da gaisuwa mai yawan ƙwayar shinkafar da ke cikin sitona. Wushe, wushe ƙwarai, in yi miki sannu da harshen garin nan. Ina fata kina lafiya, da Hajiya, da Kawu Ba'ana mariƙinki, da duk mutanen gidanku na unguwar Limanti.

Kafin in faɗi abin da ya sa na ajiye waya na ɗauki biro, bari in tuna miki ko wane ne mai wannan rubutu, tunda na ga alamar an fara mantawa.

Ni ne wanda ya shigo garin nan yana ɗan shekara goma sha uku, bayan shanun mahaifinsa sun ƙare, da riga ɗaya da silifa waɗanda ko launinsu ba ɗaya ba ne. Ba ni da kawu a ma'aikata, ba ni da yaya a jami'a, babu wanda ya taɓa rubuta mini 'yar takarda ya ce je ka kai wa wane. Da safe ina makarantar jeka-ka-dawo, da yamma ina dako a kasuwa, har shekara shida, kuma a haka na gama sakandare. Na sayi baro. Baro ya zama tebur da mudu, tebur ya zama rumfa, rumfa ta zama shago. Yau ina da injin gyaran shinkafa biyu, da mota mai ɗauko mini shanshera, wato shinkafar da ba a gyara ba, daga gonakin Zabarmari, da magidanta goma sha ɗaya masu aiki a ƙarƙashina. Na gina gida na sa masa tayil har bayi. Na haƙa rijiyar burtsatse, layinmu kaf daga ita suke sha. Na kai mahaifiyata Makka kafin in kai kaina. Duk wannan Allah ne ya yi, sai kuma wuyan nan nawa da kafaɗa, babu na uku. A kasuwa in kika ce Saleh Adam Mai Shinkafa, ko makaho zai kama hannunki ya kai ki bakin injina.

To wannan mutumin ne aka shanya a igiya ranar Asabar, aka yi masa kuka yana zaune da ransa.

Kin tuna ke kika sa ni a zaurenku na waya, wannan da kuke kira Idon Birni. Kika ce mini abin mai sauƙi ne: duk mako wani ya ɗauki hoton wani lungu na Maiduguri ya saka, ba suna ba bayani, saura kowa ya amsa da waƙa. Na ce to. Saboda ke, hasken idona, da kin ce in shiga zauren masu ƙirga tsuntsaye ma da na shiga. Wata biyu wayata tana kuka dare da rana. In buɗe ina zaton direbana ne daga Zabarmari, sai in ga wani ya ɗauki hoton kwata ya rubuta cewa kwatar nan zuciyarsa ce. Wani ya ɗauki fitilar titi da ta mutu ya ce ita ce ƙuruciyarsa. Na ce a raina kowa da irin ciwonsa, wani na ƙafa, wani na kai.

Sai kika ce in zo taronku na Asabar a gidan shugabanku, Malam Othniel, wannan dattijon malamin makaranta, domin za a zaɓi hotuna da waƙoƙin da za a buga a littafi. Na zo. Na rufe inji da wuri, na sa shaddata fara, na kafa hular zanna, na aika muku da kujeru talatin da lemo. Da na shigo kika miƙe, zuciyata ta yi tsalle kamar ɗan maraƙi ya hango uwarsa. Sai kika juya ga abokanki kika ce, "Wannan Alhaji ne, shi ya taimaka mana da kujeru."

Alhaji! Zulaiha, rabin garin nan Alhaji ne. Mai wankin motata ma Alhaji ake ce masa, ko Damaturu bai taɓa zuwa ba. Amma na haɗiye, na zauna a kan kujerata da aka gode mini dominta.

Na ga abin mamaki a gidan nan. An wanke hotuna manya-manya an maƙala su a igiya ƙarƙashin bishiyar mangwaro, kamar wankin da ake jira ya bushe. Mutum zai tashi ya tsaya a gaban hoto, ya rufe ido, ya ja numfashi kamar mai shirin ɗaga buhu, sannan ya fara magana a hankali yana tsayawa a inda bai kamata a tsaya ba. Waƙa ba amsa-amo, ba rerawa, ba inda za ka kama ka bi. Ni da na tashi ina jin waƙar matan da ke tatsar nono, wadda ko saniya tana tsayawa ta saurara! Da na farko ya gama na tafa masa da ƙarfi saboda ladabi, sai kowa ya juyo yana kallona kamar na fasa tulu a masallaci. Ashe ku ba ku tafi. Yatsu kuke ƙyastawa, ƙas-ƙas-ƙas, kamar mutum ashirin suna kiran kyanwa ɗaya. Wannan ma na haɗiye.

Sai aka jawo hoto na bakwai.

Gadon bayan mutum ne, da tsohuwar singileti ta jiƙe ta manne masa. Buhu a wuyansa, kansa a sunkuye, ba a ganin fuska. Sama ta yi baƙi ƙirin a bayansa. A kafaɗar dama akwai tabo dogo, inda ƙugiyar wani ɗan dako ta kuskure buhu ta same shi shekara ashirin da suka wuce. Na san tabon nan, Zulaiha. Kullum da shi nake wanka.

Ke ma kin san shi, domin ke kika ɗauki hoton. Ko kin manta ranar? Ni ban manta ba, kuma ba zan manta ba har a sa ni a makara. Ranar ruwan farko ne na bana. Kin zo bakin injina da kyamararki, sanye da lafaya mai ruwan goro, kin ce kina son hoton ƙurar ɓuntu a cikin hasken rana. Motata ta iso daga Zabarmari da shanshera buhu tamanin, tamfol ya yage a hanya, ga hadari ya taso daga gabas yana gudu kamar an biyo shi. Ma'aikatana huɗu kawai ke nan. Shinkafa in ta jiƙe a buhu ta yi zafi, ta yi baƙi, ba mai saye sai masu kaji. Ban tsaya neman kowa ba. Na tuɓe babbar riga na miƙa miki, na ce riƙe mini, na juya wa mota baya na ce a ɗora. Buhu goma sha tara na shigar da wuyana kafin ruwa ya sauko sosai. Da na gama na jingina da bango ina haki, kika matso da rigata a rungume a ƙirjinki don kar ta jiƙe, ruwa yana ɗiga daga gefen lafayarki kamar 'yan kunnen azurfa, kika ce, "Saleh, wallahi yau ka fi kyau a kan ranar da ka sa shadda." Kika ce, "Saleh, sha ruwa." Kika ce, "Saleh, za ka kashe kanka a kan shinkafa." Sau uku! Na ƙirga, na adana su a inda ɓarawo ba ya kai hannu. Ranar nan sunana a bakinki ya fi zuma da madarar shanu daɗi. Wace iska ce ta ɗauke shi daga harshenki tsakanin ruwan farko da Asabar ɗin nan?

Sai ga Walid ya tashi. Walid mai gilashin da ba na ciwon ido ba, mai jakar kwamfuta, wanda na taɓa gani da idona ya sa mai keke ya sauke masa tukunyar gas ƙarama don kar hannunsa ya yi ja. Ya tsaya a gaban bayana, ya dafa ƙirji, ya rufe ido. Na sa an turo mini waƙar don kar a ce na yi masa ƙari. Ga abin da ya ce:

*Ya kai bayan da ba shi da fuska,
baƙin ciki ya tanƙwara ka kamar lauje.
Kana ɗauke da shinkafar da ba za ka ci ba,
hawayenka na gangarowa ta wuya.
Birni ya hau ka bai tambayi sunanka ba.
Yau ma a ƙarƙashin gada za ka kwana,
ya kai marar suna, ya kai kowa, ya kai ba kowa ba.*

Ƙas-ƙas-ƙas! Wata yarinya har da share ido da gefen mayafi. Wani ya ce, "Kai, Walid, ka taɓa mu." Ni kuwa da aka taɓa ina zaune a layi na biyu da lemona a hannu.

Bari in bi masa waƙar tasa ɗaya bayan ɗaya yadda nake bin buhu in na yi zargin an cusa tsakuwa a ƙasa. Baƙin ciki ya tanƙwara ni? Ba baƙin ciki ba ne, kilo ɗari ne. Duk wanda ya taɓa dako ya san ana sunkuyawa ne don nauyi ya sauka a ƙugu, in ka miƙe tsaye kamar mai karanta waƙa wuyanka zai karye. Shinkafar da ba zan ci ba? A yammacin ranar na ci ta da man shanu da kifi banda, har na ƙara. Hawaye ta wuya? Wane irin mutum ne idanunsa ke ƙeya? Ruwan sama ne da gumi. Ƙarƙashin gada kuwa, ki gaya masa in ya samu lokaci ya zo ya ga gadar, ɗaki huɗu ce da falo biyu, zan sa a kunna masa fanka.

Amma duk wannan abin dariya ne. Layin da ya fi ci mini rai shi ne wai birni bai tambayi sunana ba. Birni ya san sunana! Masu awo sun sani, direbobi sun sani, matan da ke zuwa sayen ɓuntu sun sani, manoman Zabarmari suna sa wa 'ya'yansu. Walid ne bai tambaya ba. Ya ɗauki rashin tambayarsa ya ɗora wa gari guda, aka ƙyasta masa yatsu.

Na miƙe, kin gani. Na ce, "Malam, ina da magana a kan hoton nan." Malam Othniel, mutumin kirki, ya ɗaga hannu yana murmushi ya ce, "Alhaji, yi haƙuri. Dokarmu biyu ce a gidan nan. Hoto ba ya zuwa da suna, kuma waƙa ba a yi mata gardama da baki. Wanda bai yarda ba, ya amsa da baiti." Aka yi 'yar dariya, irin wadda ake yi wa mai kuɗin da ya shigo inda ba a saye da sayarwa. Na ji Walid yana ce wa na kusa da shi, "Alhaji zai ce mana buhun nasa ne."

Buhun nawa ne. Wuyan ma nawa ne.

Da na so, a nan take sai in tuɓe shaddar in juya musu baya, su gwada tabo da tabo. Ban yi ba. Kin san me ya sa? Ke nake jira. Na dube ki, ya sanyin idona, na dube ki yadda manomi ke duban gabas a ƙarshen bazara. Kalma huɗu kawai nake nema: "Na san mutumin nan." Ba sai kin ce za ki aure shi ba, ba sai kin ce komai ba. Sai kika sunkuyar da kai kina gyara igiyar kyamara. Kuma kafin nan, lokacin da Walid ya gama, na ga hannunki. Yatsun nan masu jan lalle, waɗanda suka riƙe mini riga a cikin ruwa, su ma sun yi ƙas-ƙas. Wayyo Zulaiha! Buhu goma sha tara ban ji komai ba, yatsu biyu suka durƙusar da ni.

Kwana huɗu ina juya abin. Da farko na ɗauka haushin da nake ji na an mayar da ni ɗan dako ne. Sai na zauna na tambayi kaina gaskiya, na ga ba shi ba ne. Na yi dako, ban taɓa ɓoyewa ba, dako ne ya haifi injin nan. Da a ce an rubuta a ƙasan hoton "Saleh Adam, ɗan dako," wallahi da na saya na rataye a falo. Abin da ya ƙona ni shi ne a ɗauki bayan mutum, a cire masa suna yadda ake cire wa shinkafa ɓuntu, a cusa masa yunwa da hawaye da gada, don kawai waƙa ta yi daɗi. Ku kuna son talaka ne in ya juya baya. In ya juyo ya yi magana, ya ɓata muku baiti.

Shi ya sa jiya na bar inji a hannun ma'aikata, na ɗauki wayata da hotunanku a ciki, na shiga gari. Ban sha wahala ba, domin duk "marasa sunan" naku na san su.

Tsohuwar nan mai ƙosai da wani ya kira uwar hayaƙi, wadda wai wuta ta cinye mata kwanaki, Ya Kaltumi ce. Da kaskon nan ta yi wa 'ya'yanta mata uku karatun jinya. Na nuna mata hoton, ta riƙe wayar nesa da fuska ta ƙura ido, ta ce, "La ila! Wane ɗan banzan ne ya ɗauke ni da wannan ɗankwalin? Da sun yi sallama ai da na ɗaura na Sallah." Na karanta mata waƙar, ta ce, "Wuta ta cinye ni? Ka ce masa ni nake cin wuta, ya zo ya sayi na ɗari biyu ya daina surutu."

Hannayen nan baƙaƙe a kan taya, da aka ce ba su taɓa riƙe abu mai laushi ba, na Manasse mai faci ne. Shi ke kaɗa jita a cocinsu duk Lahadi, kuma 'yan biyu matarsa ta haifa masa bara, shi ke yi musu wanka. Ya yi dariya har ya zauna a kan taya, ya ce, "Oga Saleh, su sa sunana, su sa lambar wayata ma. In littafin ya shiga gidan masu motoci ai ni na ci riba."

Mai keken nan da ke barci da rana baki buɗe, wanda aka ce yana mafarkin rayuwar da ba zai taɓa samu ba, Nasidi ne. Matarsa ya kai awon ciki yana jiran ta fito. Shi bai yi dariya ba. Ya ce surukansa suna gari, ba ya son su gan shi a littafi da baki kamar ƙofar gareji. Ya ce a cire. Na yi masa alkawari zan faɗa, ga shi na faɗa. Ku cire.

Kin ga, wuni ɗaya ya ishe ni. Ba digiri ake nema ba, sallama ake yi.

To Malam Othniel ya ce a amsa da baiti. Ni ba mawaƙi ba ne, rabona da rubuta abin da ya wuce rasit tun jarrabawar fita. Amma an kafa doka, kuma ni ban saba shiga kasuwa in karya dokarta ba. Na zauna a bakin inji na rubuta, ƙarar inji tana ba ni kiɗa. Ga tawa:

*Mai gadon bayan nan na hoto ni ne,
Saleh Adam, injin da buhun duk nawa ne.
Abin da ya jiƙa wuyan ruwan farko ne,
Abin da ya sunkuyar da kan nauyin buhu ne.
Mai ƙosai Ya Kaltumi, ku gaishe ta wajibi ne,
Mai faci Manasse, makaɗin jita ne.
Nasidi ya ce a cire shi, haƙƙinsa ne.
Birni ya san mu, baƙin cikinsa ku ne.
Wadda ta ɗau hoton ta san ko wane ne,*

Kin ga na tsaya a waƙafi. Ba mantuwa ba ce. Layi na goma naki ne, na bar miki fili. Ke za ki cike shi, da hannunki, da abin da kika ga dama. In ni mai kujeru ne, rubuta mai kujeru ne, zai ma hau amsa-amon.

Ga abin da nake roƙo, ya tauraruwar da matafiyi ke saita hanya da ita. Na ji Malam Othniel ya ce Asabar mai zuwa ce zama na ƙarshe, Litinin a kai littafi wurin bugawa. Na kuma ji an ce Kawu Ba'ana ne uban taro ranar ƙaddamarwa, shi zai buɗe littafin a gaban jama'a. Kawu Ba'ana ya san bayana, ya sha ganina ina lodi tun ina saurayi. Zai buɗe shafi ya ga mutumin da ke neman 'yarsa an rubuta masa "marar suna," a ƙasa kuma an rubuta wadda ta ɗauki hoto: Zulaiha. Naki sunan ai ba a manta da shi ba, na Walid ma da manyan baƙaƙe. Dokar taku ashe mu kaɗai take ci. Me kike so dattijon nan ya fahimta? Cewa 'yarsa ba ta san ni ba, ko cewa ta san ni tana jin kunya?

Ranar Asabar zan zo. Zan sake aiko da kujerun, ba na fushi da kujera. Ina so ki tashi a gaban hoto na bakwai ki karanta waƙata da bakinki. Ba sai kin rufe ido ba, ba sai kin dafa ƙirji ba. Ki karanta har layi na goma. Ban damu ko su ƙyasta yatsu ko su tafa ko su tashi su tafi ba.

Kin san dattawana sun sa ranar zuwa gidanku, Juma'a ta sama. An sayi goro, an ɗinka riguna, baffana ya riga ya fara gwada jawabinsa a kan duk wanda ya kawo masa ziyara. Ban ce su fasa ba. Amma zan faɗa miki gaskiya tunda ban iya zagaye-zagaye irin na mawaƙa ba: ba zan tura masu furfura su durƙusa a zauren Kawu Ba'ana su nema wa mutum aure, alhali wadda ake nema ba ta iya furta sunansa a gaban mutum ashirin da bishiyar mangwaro. Juma'ar nan tana hannun Asabar, Asabar kuma tana bakinki.

Kada ki ɗauka sona ya ragu. Ina! Da son nan yana raguwa da na samu barci. Ina ganinki a farin shinkafa in tana zubowa daga inji, ina jin muryarki a ruwan da ke sauka a kan kwano, in iska ta kaɗo ƙamshin turaren wuta daga wani gida sai in tsaya a titi kamar wanda aka kira. Ko kin karanta ko ba ki karanta ba, babu wata da za ta riƙe mini riga a cikin ruwa bayan ke. Zan zauna da son nan yadda na zauna da tabon kafaɗata, ba ya fita, ba na kuma so ya fita. Sai dai ni mutum ne da ya ɗauki kaya iri-iri a duniyar nan, har na mutanen da ba su ce mini sannu ba, kuma na gano akwai guda ɗaya da wuyana ba zai iya ba: in zama sirri a wurin wadda nake alfahari da ita a bainar jama'a.

Saboda haka ki gaya wa Malam Othniel da girmamawa, ki gaya wa Walid ko ba girmamawa. A rubuta Ya Kaltumi. A rubuta Manasse da lambar wayarsa. A cire Nasidi. A ƙarƙashin hoto na bakwai kuma, da baƙaƙen da ba su fi na Walid ƙanƙanta ba ko da ƙwayar shinkafa ɗaya, a rubuta sunana cikakke. Ba Alhaji ba, ba wani bawan Allah ba, ba kowa ba, ba ba-kowa-ba.

Naki jiya da yau, naki har ranar da za a ɗauke ni a kafaɗa yadda na ɗauki buhu,

Saleh Adam Mai Shinkafa.

Haka za a rubuta shi. Ki duba da kyau kafin a kai wurin bugawa.